Wanda Ya Shigo Da Motar Ya Karanta Tarihinta, Don Me Mai Saye Zai Rufe Ido?

Kwanakin baya wani marubuci da nake ganin girmansa ya yi dogon rubutu kan sayen motar Beljiyam, inda ya shawarci mai saye da kada ya ɓata kuɗinsa wajen ciro rahoton tarihin mota irin na Carfax ko AutoCheck. A ganinsa duk motar da ta iso nan daga Amurka mai haɗari ce, don haka babu sabon labarin da takarda za ta ba ka. Ga shi ana buga ta jabu. Sannan makanike mai ido da kunne ya fi kowace takardar Bature sanin lafiyar mota. Ya ƙara da cewa talakan da ya tara kuɗinsa da ƙyar ba shi da halin tsirfa, abin da aljihunsa ya kai shi zai saya.

Malam ya san mota, ba na ja da wannan. Amma in aka bi shawararsa, mutum ɗaya za ta cuta cikin duk waɗanda mota ke bi ta hannunsu, kuma shi ne wanda Malam yake cewa yana karewa.

Mu bi motar daga inda ta taso. Wani magidanci a Houston ko Baltimore ya yi karo, ko ruwa ya cinye masa mota a ƙofar gida. Kamfanin inshora ya turo ma'aikacinsa ya duba, ya buga lissafi, ya ga gyara ba zai biya ba, sai ya ba mai ita kuɗinta ya karɓe motar. Daga nan sai filin gwanjo, galibi na Copart ko IAA, kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan motoci a madadin inshora. A can za a ɗauke ta hoto gaba da baya da ciki, a rubuta inda ta bugu, ko tana tashi, ko da makulli, nawa maleji ya nuna, da irin hatimin da hukumar jiha ta buga wa takardar mallakarta. Ɗan kasuwarmu da ke zaune a Legas ko Kano ko Kwatano, waya a hannu, duk wannan yake karantawa kafin ya yi tayi, kuma ba ya ƙara dala ɗaya sai ya auna ta da abin da ya gani. Wakilin da ya loda ta a jirgi ya ga takardarta, don kwastan ɗin Amurka ba sa barin mota ta fita sai an nuna musu shaidar mallaka. Fanalbitan da ya miƙe ta ya san inda ya sa guduma da inda ya shafa fila. Hatta Hukumar Kwastan ta Nijeriya, tun 2022, da lambar shasi take gano ƙirar mota da shekararta kafin ta yanka mata kuɗin fito. To a wannan dogon layi wa ya rage bai san komai ba? Malamin makarantar da ya kwashi adashi ya haɗa da rancen ofis ya zo wurin dila. Shi ne aka ce wa kada ya karanta.

Kuma ba ƙaramar harka ba ce. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo, Nijeriya kuwa tana cikin manyan masu karɓa.

A ce na yarda da Malam cewa duk motar da ke tsaye a wurin dila ta taɓa bugawa, ko da yake akwai masu zuwa lafiya lau daga gwanjon dillalai. Haɗari suna ya tara. A Amurka lissafi ne ke sa inshora ta sallama mota, ba ganin munin bugu ba. In kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajar motar, shi ke nan an buga mata hatimin hasara, wanda 'yan kasuwa ke kira salbej. Jihohi da dama sun tsayar da kason a 75 cikin 100, Texas kuwa sai ya kai 100. Kuɗin aikin hannu a can tsada ne da shi ƙwarai. Saboda haka Corolla mai shekara goma sha biyu, wadda dama darajarta ta faɗi, in ta fasa bamba da fitila da lagireto, ta lanƙwasa bonet, tana iya samun wannan hatimi alhali shasinta ko ƙwarzane bai yi ba. Haka wadda ƙanƙara ta yi wa ruwan duwatsu, jiki duk ya lotsa amma inji da giya ba abin da ya taɓa su. Haka wadda aka sace, inshora ta biya, daga baya aka tsince ta. Irin waɗannan, in ka dace da su, ka yi sa'ar saye, kuma ni da kaina zan ba ɗan'uwana shawara ya ɗauka.

Ga kuma ɗaya ɓangaren: wadda ta wuntsula, wadda aka daka a tsakiyar ƙofa har ginshiƙin da ke riƙe da rufi ya karye aka yanke aka yi walda, wadda ƙarfen shasinta ya karkace aka ja shi da sarƙa, wadda ta kama wuta, wadda ta kwana cikin ruwa. Bayan fila da fenti da wankin inji, ita da waccan Corolla ɗin suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sheƙi ɗaya, kuɗi ɗaya. Amma a filin gwanjo ba kuɗi ɗaya aka saye su ba. Wannan tazarar da ke tsakanin farashin biyu tana shiga aljihun wani, kuma abin da ke ba ta damar shiga shi ne jumlar nan ta Malam, cewa ai duk ɗaya ne. In da gaske duk ɗaya ne, da mai shigo da mota bai ɓata dare yana zuƙo hotuna yana leƙen ƙasan inji ba.

Ruwa shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma a nan ne nake ganin hujjar Malam ta fi rauni. Bayan guguwar Harvey ta 2017, ƙungiyar da ke bin diddigin zambar inshora a Amurka, NICB, ta ce motoci masu inshora sama da 422,000 ne aka kwasa zuwa filayen gwanjo, ban da wasu sama da 215,000 daga guguwar Irma a Florida a wannan shekarar. Kafin su an yi Katrina a 2005 da Sandy a 2012, bayan su an yi Ian a 2022. Waɗannan motoci ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Wasu an farfasa an sayar da kayansu, wasu kuwa an shanya su an wanke, sun hau jirgi. Motar ruwa ba ta da lotsa, ba ta da walda, fentinta na kamfani ne, dila zai rantse maka fas bodi ce kuma bai yi kaffara ba. Ranar da ka je gwaji za ta tashi da bugu ɗaya, sanyin ciki har ƙashi. Ɓarnar tana cikin wayoyi. Ruwa, musamman na teku mai gishiri, yana shiga mahaɗar wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujera da bayan dashbod, ya zauna yana ci a hankali. Sai an yi wata uku ko shida gilashi ya fara ƙin sauka, fitilun dashbod su riƙa kamawa suna ɗaukewa, giya ta fara fizga, wata rana ta mutu a tsakiyar titi ba dalili. Daga nan ka zama ɗan gida a wurin mai gyaran waya, yau a canza birenbos, gobe a ce ba shi ba ne.

Makanike nagari yana iya kama wasu alamu. Zai ɗaga kafet ya taɓa soson da ke ƙasa, ya leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, ya zaro bel har ƙarshensa ya ga ko akwai layin laka, ya cire safaya ya duba ramin, ya rufe ƙofofi ya shaƙi iskar ciki. Amma wanda ya shirya motar don kasuwa shi ma ya san waɗannan wurare, kuma ya riga ka zuwa. Rahoton kuwa layi ɗaya zai ba ka: an yi rajistarta a gundumar kaza ta Texas, inshora ta sallama ta a watan Satumba 2017, dalili ambaliya. Ba sabulun da ke wanke wannan layin.

Akwai ma dabarar da ake yi tun a can. A ɗauki mota mai hatimi daga wata jiha a kai ta wata mai sassaucin doka, a fito da sabuwar takarda fes ba tabo. Saboda irin wannan ne aka kafa rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya, NMVTIS, ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, kuma tun 2009 doka ta tilasta wa kamfanonin inshora da masu filayen ɓaraguzan motoci su riƙa kai rahoton duk motar da suka sallama ko suka karɓa. Ke nan dila na iya nuna maka takardar mallaka mai tsabta da hannunsa, alhali rumbun yana riƙe da tsohon hatimin.

Sai batun makanike, wanda Malam ya jingina komai a kansa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya sayi mota ba tare da makanike ba. Rahoto ba ya jin ƙarar inji, ba ya ganin hayaƙi, bai san giya tana zamewa ba. Aikinsu daban ne. Makanike yana faɗa maka halin da mota take ciki yau, rahoto yana faɗa maka abin da ya same ta jiya, kuma akwai abin da ya faru jiya wanda yau ba ya nunawa. Ban ma shiga zancen cewa wani makaniken, ba duka ba, yana da nasa kason a hannun dila in ciniki ya faɗa, ga kuma na goron da kai ka ba shi. Kowa a kasuwar ya san da wannan.

Ɗauki jakar iska, wadda makanikai ke kira eyabag. In ta fashe a haɗari, sabuwa tsada gare ta, don haka abin da wasu ke yi shi ne su liƙe murfin sitiyari da na dashbod ba komai a ciki, su sa wata 'yar na'ura a wayar don kwamfutar mota ta ɗauka jakar tana nan, ko su kashe ƙwan gargaɗin gaba ɗaya. In ƙwan aka kashe, mai lura zai gane, domin ƙa'ida in ka murɗa makulli fitilar jakar ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In dabarar waya aka yi, fitilar za ta kama ta mutu daidai yadda ya kamata. Ba za ka san babu komai a gabanka ba sai ranar da ka buƙace ta, a hanyar Kaduna zuwa Zariya da iyali a baya. Hotunan gwanjo kuwa suna nuna jakar a waje tana reto, rahoton ma sau da yawa yana rubuta cewa ta fashe. Da wannan a hannunka kana da abin tambaya: wadda ta fashe ɗin, da me aka maye ta?

Ko jakar ba ta fashe ba akwai wata magana. Kamfanin Takata ya ƙera jakunkunan da sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da laima, in sun tashi fashewa sai su watso ƙarfe a fuskar direba. An yi kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Accord ta 2003 zuwa 2007, da Corolla da Matrix da Vibe na wancan zamani, wato ainihin motocin da suka cika titunanmu, a ƙasar da zafi ba baƙo ba ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, tana da shafin da za ka sa lambar shasi kyauta ya gaya maka ko an canza jakar motar kafin ta baro can. Wane kunne ne zai jiyo wannan?

Maleji kuwa, tun da ya koma na lantarki, mayar da shi baya aikin 'yan mintoci ne da kwamfuta. NHTSA ɗin nan ta ƙiyasta cewa a Amurkar kanta, inda laifin ke kai mutum kurkuku, ana sayar da motoci sama da 450,000 duk shekara da malejin ƙarya. Ina ga wadda ta yi makonni tsakanin tashar jirgi da gareji ba mai tambaya? Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin irin wannan ciniki. A babin saye da sayarwa ana karanta hukuncin akuya ko raƙumar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai nono ce: in ya gane, yana da zaɓin mayar da ita tare da sa'i guda na abinci madadin abin da ya tatsa. Mai mayar da maleji baya shi ne mai ɗaure hantsa na wannan zamani. Rahoton ba ya dogara da abin da allon mota ya nuna yau. Yana jero abin da aka rubuta duk lokacin da aka kai ta canjin mai, ko gwajin hayaƙi, ko sauya mai ita, kowanne da kwanan wata. In a 2019 ta nuna mil 160,000, yau kuma tana nuna 88,000 a Kano, ba sai an kira kowa ya fassara ba. Wannan jerin yana da muhimmanci musamman ga tsofaffi, domin dokar can ta yafe wa ƙirar 2010 zuwa ƙasa rubuta maleji a takardar mallaka. A kuma tuna da mil suke ƙirga: mil 150,000 ya haura kilomita 240,000.

Wani abin ma ba sai ka biya ko kwabo ba. Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba Lexus RX 350 da aka ce masa ƙirar 2015 ce. Gaba da baya duk na 2015 ne, fitilu da bamba da ragar gaba, ba inda za ka kushe. Na sunkuya ta kusurwar gilashin gaba, ɓangaren direba, inda lambar shasi take a ɗan ƙaramin faranti. Haruffa da lambobi 17 ne, haka tsarin yake tun 1981, kuma ba a sa I ko O ko Q don kada su rikice da 1 da 0. Na farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Wannan ta fara da 2T2, Lexus ɗin Kanada ke nan, ba matsala. Na ƙirga da yatsa zuwa na goma, wanda shi ne shekarar ƙira. A motocin Amurka daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9, daga 2010 aka koma haruffa: A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015. Ya kamata in ga F. Na ga A. Da aka nuna wa dilan bai ko ji kunya ba, ya ce ai ofgired aka yi mata, kowa haka yake yi. To a yi, ba laifi ba ne mutum ya yi wa motarsa kwalliya. Laifin shi ne karɓar kuɗin 2015 a kan injin 2010. Makaniken da muka zo da shi ya riga ya ce inji lafiya, kuma gaskiya ya faɗa.

Yanzu ga inda Malam yake da gaskiya, kuma ba kaɗan ba. Ana buga rahoton jabu. Takardar da dila ya zaro daga aljihun mota, ko ya turo maka ta WhatsApp, ba hujja ba ce, don gyara irinta bai fi ƙarfin yaron shagon kwamfuta ba. Amma maganin wannan ai a fili yake: kai za ka kwafi lambar daga jikin motar da hannunka, kai za ka ciro rahoton, ko wani naka da ba shi da kaso a cinikin. Kafin nan ka gwada lambar gilashi da ta takardar da ke liƙe a bakin ƙofar direba, da ta takardun kwastan, sannan a jona na'urar bincike a ga wadda kwamfutar motar ke ɗauke da ita, domin galibin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 suna bayar da ita. In ɗaya ta saɓa, ka yi sallama. Ko Google kaɗai ka sa lambar, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito.

Haka kuma rahoto mai tsabta ba shaidar lafiya ba ce. Abin da aka kai wa rumbun shi ya sani. In mai motar ya buga ya gyara da kuɗin aljihunsa bai kira 'yan sanda ko inshora ba, ba za ka gani ba. Wani bayanin yana makara kafin ya shiga. Sannan rahoton yana tsayawa a bakin teku: bai san abin da ya faru a jirgi ba, bai san an zare mata indomin salansa a gareji an sayar ba, bai san ko an biya mata kuɗin fito cikakke ko ta daji ta shigo ba, wanda tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 ya zama abin da ake tabbatarwa a ofishin kwastan. Sai dai wannan tsayawar tasa ma tana da amfani. In rubutu na ƙarshe ya nuna an yi gwanjonta ko an fitar da ita a 2020, dila kuma yana ce maka watan jiya ta sauka, to shekarun da ke tsakani a titunan Legas ko Fatakwal ta yi su, aka cire lamba aka yi mata wanka aka dawo da ita layin Beljiyam.

Motocin Turai kuma labarinsu daban. Golf da Sharon da Vectra da 406 da ke fitowa ta Antwerp ko Hamburg, Carfax ɗin Amurka bai san su ba, kuma Turai ba ta da rumbu ɗaya. Beljiyam tana da Car-Pass tun 2006, takardar da ke jero malejin mota, Holan ma tana da irin nata tsarin, amma Jamus ba ta da rumbun da mai saye zai leƙa haka. A irin waɗannan motoci dole nauyin ya koma kan makanike da littafin sabis in an samu. Da Malam ya taƙaita maganarsa a kansu da ban ɗauki alƙalami ba. Amma Camry da Corolla da Accord da Highlander da Sienna da mutane ke zuba miliyoyi a kansu yau, mafi yawansu daga Amurka da Kanada suke, inda bayanin yake a ajiye yana jiran mai tambaya.

Akwai abin da rubutun Malam bai taɓo ba ko kaɗan: sata. 'Yan shekarun nan ana sace manyan motoci a Toronto da kewaye, a cusa a kwantena, su fita ta tashar Montreal, da yawansu Afirka ta Yamma suke sauka. A 2024 Interpol ta ce cikin 'yan watanni da haɗa bayanan 'yan sandan Kanada da rumbunta an gano sama da motoci 1,500 da aka sato daga can a ƙasashe daban-daban. A shekarar ce kuma EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka ƙwato a Nijeriya. Wanda aka samu irin wannan mota a hannunsa, ko da kuɗinsa na halal ya saya, motar za ta tafi, sannan ya fara zaryar bayani. Inji lafiya, giya lafiya, makanike bai yi kuskure ba. NICB tana da shafin duba lambar mota kyauta don sata da hasara, 'yan sandan Kanada ma suna da nasu. Ba sa kama komai, don ɓarayin kan sauya lamba, shi ya sa gwada lambar gilashi da ta kwamfuta ya zama dole ga duk mai sayen sabuwar jif da aka yi masa araha mai ban mamaki.

Saura hujjar talaka, wadda ita ce ta fi sosa zuciya a rubutun. Rahoton Carfax guda dala 40 ne da 'yan kai, na masu sayar da bayanan NMVTIS bai kai haka ba, wasu binciken kuma kyauta ne. Ko da canjin yau, wannan bai kai la'adar da mai saye ke ba dillali ba tare da ya yi gardama ba. Attajiri in ya sayi motar ruwa zai yi tsaki ya ajiye ta ya sayi wata. Wanda ya tara shekara uku ba shi da ta biyu, kuɗin makarantar yara ne zai riƙa tafiya wurin mai gyaran waya. In akwai wanda bai kamata ya sayi mota a makance ba, shi ne. Kuma ban ce rahoto zai ba shi motar da ta fi ƙarfinsa ba. Zai iya ɗaukar mai hatimin hasara ɗin dai, amma ya san wace iri ce, ya kuma taya ta da kuɗin irinta. In dila ya ce albarka, ya fito da hoton gwanjo a waya su duba tare.

Dilolin kirki, kuma suna da yawa, ba abin da za su rasa a nan. Na san masu nuna wa mai saye hotunan gwanjo tun kafin ya tambaya, su ce ga inda ta bugu, ga abin da aka canza, ga kuɗinta. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma cewa yadda ka gan ta haka na sallama ba ya wanke wanda ya san aibin ya yi shiru. Matsalar da mai ƙara ke fuskanta a gaban alƙali ita ce tabbatar da cewa aibin tsoho ne, ya girmi cinikin, ba a hannunsa ya faru ba. Rahoton yana ɗauke da kwanan wata. Saboda haka abin da zan roƙi Malam ya ƙara a rubutunsa na gaba shi ne takardar ciniki: a rubuta lambar shasi duka 17, da shekarar ƙira, da malejin da aka sayar da ita a kai, da cewa mai sayarwa ya tabbatar ba motar ruwa ba ce kuma jakunkunan iskarta suna ciki, shi da shaidu biyu su sa hannu kafin a tura kuɗi.